Hannun da Ke Auna Wuta

Baba ya miƙa bayan hannunsa a kan farantin ƙarfen, ya fara ƙirga a fili. Ya kai goma, ya wuce, ya kai sha biyar. Iskar da ke saman ƙarfen har rawa take yi don zafi, shi kuwa ko gira bai ɗaga ba.

"Bai yi ba tukuna," in ji shi. "Direba, ƙaro gawayi."

Nas, 'yarsa, tana zaune a bakin tanti tana yanka tumatir. Taku uku ne tsakaninta da murhun, amma tana jin zafinsa a ƙaurinta. Ta ajiye wuƙar a hankali.

Shekara ashirin da biyu Baba ya yi yana gasa fiza, faffaɗan gurasar nan ta Turawa mai tumatir da cuku a kai, a wani shago da ke tsakiyar gari. Ya ciyar da mutanen da bai san sunansu ba, dubbai, amma matarsa ba ta taɓa cin guda ɗaya da zafinta ba. Abin da kan iso gida shi ne wadda aka fasa saye, ta huce, cukun ya daskare kamar roba. Da aka rufe shagon kwana uku don gyaran rufi, sai ya ce lokaci ya yi. Ya ari tanti, ya kwaɓa fulawa tun jiya, ya sa ƙanin matarsa, wanda Nas ke kira Kawu, shi kuma yake ce masa Direba, ya kwaso su a motar hayar da yake ja zuwa bakin wani tafki mai itatuwa. Da hantsi ya jera duwatsu, ya ɗora farantin ƙarfe mai kauri, ya ajiye rabin ganga a gefe don ya zama murfi. Curi biyu kacal na kwaɓi ya kawo.

Dokar aikinsa kowa a gidan ya haddace ta. Ka ɗora hannu sama da wuta ka ƙirga. Idan ka kai goma, ba ta yi ba. Idan dole ta sa ka janye a huɗu, ta yi.

"Baba, ƙarfen nan ya wuce misali," Nas ta ce.

"Ji mana Likitar gida," Kawu ya ce yana zuba gawayi. "An ba ki allura da auduga, yanzu kuma wuta za ki koya wa mai wuta? Mutumin nan da hannu yake gaisawa da garwashi tun ba a haife ki ba."

"Gaya mata dai," Baba ya ce yana murmushi. Ya ɗauki curi ɗaya, ya danna shi da 'yan yatsu, ya ɗaga ya juya shi a kan dunƙulen hannunsa har ya yi faɗi ya yi siriri, hasken rana yana ratsa shi. Wannan kam hannun bai manta ba.

Inna ta taso da kwanon fulawa, wai za ta kai inuwa. Da ta zo daidai murhun sai ta yi kamar ta yi tuntuɓe, ɗan gari ya zube a kan ƙarfen. Nan take ya yi baƙi, ya tashi da hayaƙi.

Baba ya gani. Nas ta ga ya gani. Ya kau da kai wajen tafkin.

"Watsa gari a wuta na 'yan koyo ne," ya ce a hankali. "Datti ne a ƙarfen. Matsa min."

Inna ta matsa.

Ya shafa tumatir, ya barbaɗa cuku da albasa, ya zame fizar daga katako zuwa kan ƙarfen, ya kife rabin gangar, ya kwaso garwashi ya zuba a bayanta. Ko minti biyu ba a yi ba ƙauri ya cika wurin. Baba ya zabura. Tsumman da yake riƙe abu da shi yana rataye a kafaɗarsa, amma bai tuna da shi ba. Ya kama mariƙin gangar da hannun dama, ya ɗaga, ya yi taku biyu ya ajiye ta a kan ciyawa cikin natsuwa, kamar wanda ya sauke bokitin ruwa. Ciyawar ta yi ƙara ta ƙanƙance.

"Kash," ya ce yana duban fizar. Ƙasanta ya zama gawayi, samanta ko narkewa bai gama ba. "Iska ce. Wutar waje ba ta da ladabi."

"Baba! Hannunka!"

Sai a lokacin ya juya tafin ya duba. Wani farin layi ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe, fatar ta tattare. Ya tsaya yana kallonsa kamar hannun wani ne aka ba shi ajiya.

Nas ta ja shi zuwa gindin bishiya, ta zaunar da shi a kan tabarma, ta buɗe jarkar ruwan sha tana kwarara masa.

"Ba komai, 'yar ƙuna ce," Kawu ya ce daga bayansu. "A shafa man goge baki, gobe ta bushe. Mu da lagireton mota ke ƙonawa kullum?"

Kalmomi biyun nan, "ba komai", su ne murfin kowace magana a gidansu. Da Baba ya fara tashi sau biyar yin fitsari kafin gari ya waye, ba komai. Da ya rame wandonsa ya fara zamewa, ba komai, aiki ne. Da Nas ta kawo na'ura gida ta auna masa suga ta ga lambar da ta sa ta zauna a ƙasa, ba komai, ya sha shayi ne da yawa. A ɗakin da take aiki a asibiti akwai gado goma sha biyu, kuma kusan kowane mai gado da waɗannan kalmomi ya iso, wani da ƙafa ɗaya, wani da yatsu uku. Ta gaji da jin su har cikin ƙashinta.

"Kawu, don Allah ka yi shiru," ta ce ba tare da ta waiwaya ba. "Baba, rufe idonka."

"Me kuma?"

"Rufe dai."

Ya rufe. Ta zaro allurar ɗankwalinta, ta taɓa kan babban yatsansa na hagu, hannun da bai ƙone ba. Ta taɓa na biyu, na uku. Ta danna har wurin ya yi fari.

"To, ki fara mana," in ji Baba.

Kawu ya matso kusa. Ya cire hularsa ya riƙe.

"Na gama," Nas ta ce. Muryarta ta tashi ba da sonta ba. "Wata nawa ina roƙonka mu je a duba ka? Wata nawa? Suga ne ke cin jijiyoyin nan, Baba, kuma abin da ya ci ba ya mayarwa. Ni da nake wanke wa iyayen wasu ƙafa kullum, nawa uban ya ƙi taka ƙofar asibiti! Ku kuma kuna zaune kuna kallo. Inna, ke ba ki gani ba ne?"

Inna tana durƙushe tana yage tsumma mai tsabta. Ba ta ɗago ba.

"Wa kike tsammani yake taɓa masa ruwan wanka da gwiwar hannu?" ta ce. "Wa yake zazzage takalminsa kowace safiya, tun ranar da ya wuni da ƙusa a ciki bai sani ba? Shayinsa ni nake riƙewa sai ya huce na miƙa. Shekara guda ke nan da wata biyu."

"Kin sani, kika yi shiru?"

"Na sani, na yi abin da zan iya."

"Abin da za ki iya shi ne ki gaya mini!"

"In gaya miki ki ɗauke shi ki kai, a rubuta a takarda, takarda ta isa shago?" Inna ta ɗago yanzu, idonta ya yi ja. "Ke kin san asibiti. Ni na san mutumin nan. Ranar da aka raba shi da tanderun can, ki zo ki auna min abin da ya rage."

Baba ya buɗe ido. Ya dubi matarsa ya daɗe, da alama shi ma yau ya fara jin labarin takalmin.

"A shago ba na kuskure," ya ce, kamar mai kare kansa a gaban alƙali. "Tanderun bulo ne. In ya yi zafi, baƙin hayaƙin da ke rufinsa yakan koma fari. Da ido nake ganewa. Sai in miƙa hannu in ƙirga huɗu in janye, don yara su gani." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Nan kuwa babu rufin da zan karanta. Na ɗauka zan ji. Wallahi na ɗauka ko kaɗan ne zan ji."

"Baba, Litinin za mu je."

"Litinin ake buɗe shago. Manaja na ganin bandeji zai tambaya. In ya ji, sashen wanke tire zai mayar da ni, in ma ya yi kirki ke nan. Yaran da na koya wa riƙe katako su riƙa miƙo min tire."

"In ba ka je ba, hannun za a yanke, ba tire ba."

Maganar ta fito da kaifi fiye da yadda ta so. Can a kan tafkin wani tsuntsu ya faɗa ruwa ya fito da abu a baki. Nas ta shafa maganin da ke jakarta, ta naɗe hannun, ta ɗaure. Kawu ya je ya kankare ƙonanniyar fizar da wuƙa, ya jefa wa kifaye, ya tsaya can bai dawo da wuri ba.

Rana ta karkata. Inna ta fara tattara kwanuka.

"Bar su," in ji Baba. "Saura curi ɗaya."

"Malam, a haƙura," in ji Inna. "Akwai burodi a mota."

"Shekara ashirin da biyu kina cin saura. Ban kawo ki nan don burodi ba." Ya miƙe da ƙyar. "Direba, janye rabin garwashin nan. Ke kuma Likita, wanke hannunki ki zo."

Suka jira wutar ta lafa. Baba ya tsaya a bayan 'yarsa, ya kama tsintsiyar hannunta da hagunsa, ya ɗaga shi daidai tazarar da ya saba, ya juya bayan hannun ƙasa.

"Ƙirga. Kada ki yi jarumta. In ta cije ki, janye."

"Ɗaya. Biyu." Ta fizge hannun.

"Da saura. Mu ba ta lokaci."

A karo na uku ta kai huɗu kafin ta janye.

"Yaya kika ji?" ya tambaya.

"Kamar... kamar ana tura ni baya. Ba ƙuna ba ce tukuna, amma ta kusa."

"Ita ce," ya ce. Ya lumshe ido. "Haka take. Ita ce."

Ita ta buɗe kwaɓin, yana gaya mata inda za ta danna da inda za ta bari. Ya fito a karkace, gefe ɗaya ya fi kauri, har ya ɗan yage a tsakiya, Baba ya nuna mata yadda ake tsuke shi. Kawu ya naɗe hannu da tsumma ninki huɗu kafin ya taɓa gangar, bai yi wasa ko ɗaya ba. Baba ya sunkuya yana sauraren cukun yana tafasa a ƙarƙashin murfi, yana shaƙar iska.

"Yanzu," ya ce.

Da aka ɗaga murfin, gefen fizar ya kumbura ya yi ja, da ɗigon baƙi nan da can. Inna aka fara yanka wa. Ta karɓa tana sauya hannu, cukun yana jan zare, ta gutsira, ta riƙe a baki tana hura iska. Hawaye ya zubo mata.

"Zafi ne," ta ce, kafin wani ya tambaya.

Baba ya zauna kusa da ita.

"Asibitin naku, ƙarfe nawa ake fara ganin mutane?"

"Takwas," in ji Nas.

"Shago bakwai."

Nas ta ɗauki wuƙar. Ta yanko masa nasa ta ɗora a faranti. Ya miƙa hannun hagu zai ɗauka, sai ya tsaya, yatsunsa a sama da shi. Ya juya wajen matarsa.

"Ya huce?"

Inna ta taɓa gefen da ɗan yatsa.

"Jira kaɗan," ta ce.

Ya mayar da hannun kan gwiwarsa, ya jira.