Matuƙar Fitilar Tana Ci

A ofis ba mai kiranta da sunanta, kowa Anti Biro yake cewa, har Manaja. In ka tambayi danginta aikinta, sai su ce tana can tana rubuce-rubuce, kamar wata mai zaman banza. Alhali ita ce mai ɗauko maganar injiniyoyi, wadda ko su da ƙyar suke gane ta juna, ta mayar da ita abin da ɗan Adam zai iya karantawa. Kamfanin nasu na'urar tace ruwan sha yake yi, kuma kowace na'ura sai an rubuta mata takardar bayani, wadda a ofis suke kira farar takarda. Ita ake aika wa mai niyyar saye.

Ba ɗaya take rubutawa ba, biyu ne, don dokar Manaja ke nan. "Duk inda za mu kai kaya, mutum biyu za ki tarar," in ji shi. "Akwai mai sa hannu, akwai mai riƙe sufana. Mai sa hannu ba ya wuce shafi biyu, ko da wasiyyar ubansa ce. Mai sufana kuwa, ba shi shafi arba'in da zane-zane, ya je can ya ji daɗinsa."

Ranar Talatar da abin ya faru, wajen ƙarfe tara na safe, tana zaune a teburinta da ke jikin injin kwafi, sai saƙo ya shigo wayarta daga makarantar kwanan da Auta take, 'yarta ta ƙarshe mai shekara goma sha uku. Matiron ce ta rubuta wa iyaye cewa wasu ɗalibai sun ɗan samu ɓacin ciki, ana duba su, kada kowa ya ta da hankalinsa. Anti Biro ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ce a ranta kwaɗayi ne, sun sayi wani abin ta kan katanga. Ta kife wayar ta ci gaba da aiki.

Ba a yi minti goma ba sai ga Injiniya ya shigo rungume da kwali. Dattijo ne mai furfura, wanda in ka gaishe shi sai ya duba agogo kafin ya amsa. Ya dire kwalin a kan takardunta.

"Fitilun nan neman tsufa suke a sito," ya ce. "Masana'antu duk sun aiko sun karɓi sababbi. Otal-otal sun karɓa. Amma ƙananan wuraren nan, ko ɗaya. Wai su nasu fitilun daga aljanna aka sauko da su?"

Ya zaro jerin sunayen waɗanda ba su karɓa ba daga aljihu ya fara karantowa yana tsaki. Suna na huɗu makarantar su Auta ce.

Gabanta ya yanke ya faɗi.

Ga yadda abin yake. A cikin na'urar akwai wata doguwar fitila mai shuɗin haske. Ruwa yana bi ta gefenta, hasken ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma an yi 'yar taga ta gilashi da ake leƙa ta. To amma fitilar nan munafuka ce. In ta yi awa dubu tara, wato shekara guda da 'yan kwanaki, ƙarfinta ya tafi, ba ta ƙara kashe komai, amma ba za ta mutu ba. Tana nan tana haske tar, kamar jiya aka sa ta.

Anti Biro ta san wannan sarai. A rubutun farko ma ta sa gargaɗin a takardun biyu. Manaja ne ya zagaye shi da jan biro a ƙaramar, ya ce, "Awa dubu tara? Wa zai zauna yana ƙirga awa? So kike ki tsorata mai saye? Bar wa masu sufana." Sai dai a faɗi gaskiya, ba ta ja da shi ba ko kaɗan. A lokacin wani layi ya riga ya zo mata, gajere, mai daɗin faɗa, kuma ta ji daɗin kanta da ta samo shi: Matuƙar shuɗiyar fitilar tana ci, ruwanku lafiya lau yake. Manaja har tafi ya yi mata. Injiniya kaɗai ya ce, "Wannan ƙarya ce da ta sha kwalliya." Ta ce masa, "Haba Baba, ai yana shafi na ashirin da bakwai a taku." Bayan haka kuma ita ce da bakinta ta miƙe a taron iyaye ta ce a sayi na'urar, ta kamfaninsu ce, ta san ta ciki da bai.

"Yaushe aka sa ta makarantar?" ta tambaya.

"Wata goma sha biyar. Lafiya kika yi tsuru-tsuru haka?"

Ta miƙa masa wayar. Ya karanta saƙon Matiron, ya ɗago ya dube ta. Ya zari fitila ɗaya daga kwalin ya laluba makullin motarsa, ta bi bayansa.

Tafiyar awa ɗaya da rabi ce, amma a wurinta ta fi shekara. Ta kira Matiron, layi a cike. Ta kira shugabar makaranta sau shida, ba a ɗaga ba. Ta rubuta, a rufe famfo, kada kowa ya sha ruwan, ta aika, ta zuba wa wayar ido, ba alamar an buɗe. Ƙarfe goma ake fitowa hutun karin kumallo. Ta san yadda suke yi, ta sha gani ranar ziyara: su fito a guje su yi layi a bakin famfo, kowace da gorarta. Ita kanta ta saya wa Auta babbar gora, ta kuma ja mata kunne ta riƙa shan ruwa da yawa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, abin da take ta maimaitawa ke nan.

"Baba, wata uku suna shan ruwan rijiyar makarantar yadda ya fito?"

"Yadda ya fito."

"Amma ai mun aika musu babbar takardar. A ambulan ɗaya aka sa su."

"Mun aika wa mai sufana," ya ce, idonsa a kan hanya. "Ki yi addu'a kawai suna da shi."

A ƙofar makarantar suka tarar da motar asibiti tana fitowa. Anti Biro ta buɗe ƙofa tun motar ba ta gama tsayawa ba, ta bi ta tana leƙa gilashi. Yarinya ce a kwance, amma doguwa ce, ba Auta ba ce. Ta ji daɗi, sai kuma kunyar jin daɗin ta kama ta. Ta juya ta ruga ciki, takalminta ɗaya ya fice ba ta tsaya ɗauka ba.

Famfunan shida ne a jere a barandar ɗakin cin abinci, na'urar tana samansu a jikin bango, fitilar tana ci abinta. A gefenta kuwa an manna shafin farko na ƙaramar takardar, an lulluɓe shi da leda don kada ya jiƙe, an ja wa layin nan nata layi da jar tawada. Wata 'yar aji ɗaya tana tare ruwa.

"Ke! Zubar! Zubar da shi na ce!"

Yarinyar ta saki gorar ta fashe da kuka. Injiniya ya wuce ya murɗe makunnin ruwan. Ihun ya fito da shugabar makaranta daga ofis, mace mai jiki, idanunta sun yi ja don gajiya.

"Maman Auta, lafiya? In ruwan kike zargi, cire shi a ranki. Mun zargi kicin, mun zargi mai kawo kayan miya, amma ruwa kam a'a. Kullum da safe ni da kaina nake leƙa fitilar nan, ko rana ɗaya ban taɓa tsallakewa ba."

"Babbar takardar fa, Malama? Mai shafi arba'in?"

"Wadda aka rubuta ta injiniya a bayanta? Wane injiniya gare mu? Mu mai gyaran famfo muke kira in bututu ya fashe. Tana nan cikin durowa, ko ledarta ba a cire ba. Tawa na karanta, har na haddace ta."

Anti Biro ta juya. Ta bar Injiniya yana bayani, ta nufi ɗakin jinya da ƙafa ɗaya ba takalmi.

Gadaje takwas ne a ɗakin, amma yara sun haura ashirin, wasu a kan katifu a ƙasa, an rataye ledojin ƙarin ruwa a ƙusoshin taga. Ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Auta tana gado na uku. Ta zabge, idanun sun faɗa, leɓen ya bushe ya tsage, amma tana numfashi, har ta yi ɗan murmushi. A hannunta akwai kofin roba da nas ta haɗa mata ruwan gishiri da sukari a ciki da ruwan famfon.

"Umma, kin zo."

"Na zo, Auta, na zo. Sannu."

"Umma, gara da kika zo. Tun wancan makon wasu suka ce wai ruwan ne, har 'yan ɗakinmu suka fara tafasa nasu a ɓoye da hita. Na ce musu ƙarya ne, Ummata ce ta rubuta takardar, kuma ba ta rubuta abin da ba ta tabbatar ba. Har gaban fitilar na kai su na karanta musu. Sai suka daina." Ta nuna katifun da ke ƙasa da haɓarta. "Ga su nan duk. Yanzu ba sa yi mini magana. Ki gaya musu ba ruwan ba ne."

Yaran da ke da ƙarfin juyowa duk sun juyo suna kallonta. Auta ta ɗaga kofin za ta kai baki.

Anti Biro ta riƙe hannun, ta zare kofin a hankali ta ajiye shi a ƙarƙashin gado.

"Ruwan ne, Auta," ta ce. "Su ke da gaskiya."

"Amma fitilar tana ci, Umma. Na gani."

"Tana ci. Ni ce ban rubuta sauran ba."

Auta ta dube ta. Daga nan ta janye hannunta, ta juya fuskarta wajen bango.