Asahel Na Farko

Keziah Farwell ba ta iya rubutu ba, karatun ma sai da lalube, amma wajen ƙirga 'ya'yanta ba a yi mata gardama. Haihuwa goma sha uku ta yi a gidan katakon nan na bakin kogin Connecticut, tun tana 'yar shekara ashirin har furfura ta fara leƙowa. Wasu ta binne, sauran sun watsu, har da waɗanda wasiƙarsu sai ta yi wata uku a hanya.

Littafi Mai Tsarki na gidan, wanda marigayi mijinta yake rubuta haihuwar kowane ɗa a shafin farkonsa, danshi da ɓeraye sun kusa gamawa da shi. Shi ne ɗanta Asahel, malamin makarantar ƙauyen, mai ji da kyan rubutunsa kamar shi ya ƙirƙiro alƙalami, ya sayo sabo ya kwafe sunayen. Ya kawo mata tana kaɗin ulu a bakin murhu, ya tsaya ƙiƙam yana jiran yabo.

Ta ɗora yatsa ta bi layukan. Ta koma sama ta sake bi.

"Sha biyu ne," ta ce.

"Daidai ne, Mama. Baba ya rubuta sunana sau biyu, har da wata shekara daban. Na gyara masa."

"Ka gyara? Oh ni Keziah! Na tura ka makaranta, ka dawo kana gyara mini haihuwa. Kai ka yi naƙudar?"

Al'adarsu ce in yaro ya rasu, na bayansa ya gaji sunan. Asahel ya san haka a gidajen mutane, amma ba wanda ya taɓa gaya masa shi ma magaji ne. Na farkon sati bakwai ya yi a duniya, ciwon maƙogwaro ya ɗauke shi a tsakiyar sanyi. Uban ya fasa ƙasar da ta daskare da gatari, ya binne shi a bayan gona, ko dutse ba su samu halin kafa masa ba. Layin nan na tsohon littafin kaɗai ya rage masa, kuma Keziah ta san in ta rufe ido ba sauran mai tuna shi. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Asahel ya sake duban shafin. "Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Bakina ne ya ƙi ɗauka. Ɗauko alƙalaminka, ka sa shi a samanka, yayanka ne."

"Babu wuri a tsakani, Mama, sai dai a gefe."

"To matsa masa. Shekara arba'in, duk lokacin da na tsaya a ƙofar nan na kira Asahel cin abinci, mutum biyu nake kira. Kai kaɗai kake zuwa."