Noti a Aljihun Hagu

Maigidan shagon gyaran waya ya ba shi zuwa ƙarshen wata: ko ya koyi karɓar mutane a kanta, ko ya nemi wani wurin. Ya ce shagon ya yi ƙanƙanta da a ajiye ƙato a lungu yana hira da sukuddireba. Abokan aiki Kurma suke ce masa, alhali kunnensa har zizar ƙwan lantarki yake ji.

Tun yana yaro likita ya ce otizim ne, yanayin da ke wahalar da mutum wajen cuɗanya da jama'a, kuma ba abin da ake sha wa magani ba ne. Wannan ne wuri na huɗu da ya yi aiki. Yayarsa, wadda yake zaune a ɗakin bayan gidanta, ita ta kawo dabarar noti. Da safe ya zuba ƙananan noti na ƙarfe a aljihun dama. Duk wanda ya shigo, ya gaishe shi, ya dubi tsakanin girarsa tunda ido yana masa nauyi, ya yi murmushi, kada ya sauke sai mutum ya gama magana. In ya cika duka, ya mayar da noti ɗaya aljihun hagu. Ranar da aljihun dama ya ƙare, ladansa ya je kan gada ya kalli motoci har ya gaji.

Sun yi ta gwaji a kicin, ita ce mai kawo waya, ludayi ne wayar. Takan ce ya rage haƙoran, ba tallan man goge baki ya zo ba. A shago kuwa kullum sai noti ya rage. Wani ya yi maganar da ba ta da ƙarshe har ya katse shi, wani turarensa ya cika masa kai ya manta gaisuwa. Gada sai dai ya hango ta daga tagar bas.

Ranar Laraba abin ya tafi daidai tun safe. Har maigida ya ce, “Kai, Kurma, yau wa ya sa maka sabon batir?” Da la'asar noti ɗaya ya rage.

Sai wata mata ta shigo da waya mai fasasshen gilashi, naɗe a ƙyalle. Ya gaishe ta, ya dubi tsakanin girarta, ya yi murmushi. Ta ce ta mijinta ce, tana aljihunsa ranar da mota ta buge shi, ko sati biyu ba a yi da binne shi ba. Ba gyara take so ba, muryarsa take nema, saƙonnin da ke ciki, don 'yarsu ƙarama kullum tana tambaya.

Ya ji kowace kalma, ya san ba abin murmushi ba ne. Amma ba ta gama magana ba, don haka ya riƙe murmushin da ƙarfi, kumatunsa na ciwo. Da ta yi shiru ya sa hannu a aljihu, notin ya faɗa kan 'yan'uwansa, ƙil.

“Bawan Allah, me ya ba ka dariya?”

Bai san an tambaye shi da fushi ba. Ya fara yi mata bayanin noti. Ta naɗe wayarta ta fita tana share ido, ba ta ko bari ya buɗe bayan wayar ya duba ba.

Maigida bai ɗaga murya ba. Ya ce ya san ba da mugunta ba ne, amma unguwa ba za ta sani ba, kuma shi da unguwa yake ci. Ya sa aka haɗa masa kayan aikinsa a leda.

A gida ya juye aljihun hagu a kan tebur, bai rage ko ɗaya a dama ba. Yaya ta daɗe tana kallon notin. Daga baya ta ce laifinta ne, za su ƙara doka: in an ambaci mutuwa, a sauke murmushi.

“In rashin lafiya ne fa, Yaya? In sata ce? Dokokin nawa ne duka?”

Ta ce ya ci abinci tukuna.

Bai je gada ba. Da safe ya yi wanka, ya sa rigar aiki, ya kwashe notin ya zuba a aljihun dama kamar kullum. Sai ya zauna a bakin gado, ledar kayan aiki a gefen ƙafarsa, yana jin Yaya tana wanke kwanuka a hankali don kada ƙarar ta dame shi.