Mabuɗi na Biyu

Kalla bai nemi mabuɗin nan ba, shekaru ne suka jawo masa shi. Takardar da aka aiko daga Keita ta ce akwatin ƙuri'a kwaɗo biyu za a sa masa, mabuɗi ɗaya a hannun shugaban biro, wato rumfar zaɓe, ɗayan a hannun wanda ya fi tsufa cikin masu zama tebur. To, cikin mutum huɗun da maigari Barmo ya zaɓo, har da liman, babu wanda bai taso ya tarar da Kalla da gemunsa ba. Sai aka miƙa masa. Ya zura shi a igiyar layarsa ya maida cikin riga, ƙarfen na taɓa masa ƙirji da sanyi.

Tsohon mai haƙar rijiya ne. Rabin rijiyoyin da ke tsakanin garin da Tamaske shi ya fara shiga cikinsu, kuma aikin ya bar masa hali guda mai gajiyar da mutane: in aka ce ga yadda ake yin abu, to haka za a yi shi, ko da kowa zai kwana da yunwa. Da maigari ya tuna da wannan, da ya nemo wani tsohon.

Zaɓen na watan Disamba ne, shekarar tamanin da tara. Zaɓe dai ake ce masa, amma ba wanda zai sha wahalar tunani, don takarda iri ɗaya ce a kan tebur. Ka ɗauka, ka sa a ambulan, ka jefa, ka dangwala yatsa gaban sunanka, ka koma ga sussukarka. Shugaban biron, Mushe Halidu, kamar yadda ake kiran malaman boko, malamin lakwal ne, makarantar gwamnati, da aka turo daga Keita, saurayi mai tsabta da agogo. Da safe ya tsaya a bakin ajin da aka mayar wurin zaɓe ya karanta dokar da Faransanci, sannan ya juya ta da Hausa a gurguje kamar mai cin tuwo da zafi. Kowa da hannunsa zai jefa. Ƙofa za ta zauna a buɗe tun daga farko har ƙirga, duk mai suna a littafi yana da ikon tsayawa ya gani. Masu mabuɗi ba za su bar akwati ba, kuma ba a buɗe shi sai su biyu sun haɗu gaban jama'a.

Ba wanda ya saurara sai Kalla. Shi ya sa da hantsi, da mata suka cika tagogi da surutu, Mushe ya ce wa gardin da ke tsaron wurin ya kore su ya tura ƙofa, tsohon ya ɗaga hannu.

"A'a, Mushe. Takardarka ta ce a bar ƙohwa buɗe. Da kunnena na ji."

"Baba, hayaniya ta yi yawa."

"Ba ta ce sai in babu hayaniya ba. Komi za a yi, a yi shi gaban jama'a."

Mata suka yi shewa. Mushe ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya ce a bar su. Kalla ya gyara zama yana jin daɗin kansa, wanda da ya san abin da yamma za ta kawo, da shi da kansa ya tashi ya rufe ƙofar.

Bayan la'asar layi ya ƙare, amma littafi bai cika ba. Ina zai cika? Tun da aka ɗaure gero samarin garin suka watse cin rani, wasu Abijan, wasu Legas, wasu ba a ma san inda suka nufa ba. Suna tamanin da wani abu suna nan fari fat, ba tawada. Mushe ya duba agogo, ya duba hanya. Motar Keita za ta zo ɗaukar akwati kafin magariba, kuma ya san sauran shugabannin biro ba wanda zai koma da littafi mai giɓi. Shekara uku yana neman a maida shi birni. Ba mugu ba ne, tsoro ne da shi, kuma tsoro ya fi mugunta saurin samo dabara.

Dabarar ita ce kowane maigida ya zo ya jefa wa ƴaƴansa. Wannan bai ba kowa mamaki ba. Uban da ke yi wa ɗansa aure yana can Abijan bai ga amarya ba, shi ne zai kasa sa masa takarda a akwati? Sai dai Mushe, don ya kare kansa, ya ƙara sharaɗi: kafin uba ya dangwala, sai ya faɗa da ƙarfi gaban liman da jama'a cewa ɗansa yana raye kuma shi ne wakilinsa.

Kalla ya ce doka ta ce kowa da hannunsa. Maigari ya ce ai hannun uba hannun ɗa ne. Aka yi dariya, aka wuce shi. Shi kuwa bai ja da ƙarfi ba, don tun da ya ji sharaɗin nan hankalinsa ya koma kan littafin. Akwai suna guda a littafin da yake ta roƙon Allah a tsallake.

Bala, ɗansa, shi kaɗai namijin da ya rayu cikin waɗanda matarsa Hawa ta haifa, ya tafi Abijan shekara shida da suka wuce. Shekara biyu ke nan, ranar kasuwar Tamaske, wani mai suna Bakari da suka tafi tare ya ja Kalla bayan rumfar masu fata ya gaya masa. Zazzaɓi ne, kwana huɗu. Mutanen ƙasarsu Adar da ke can suka yi masa sutura, Bakari da hannunsa ya zuba ƙasa. Kalla ya dawo gida a ƙasa yana shirya maganar a bakinsa, ya tarar da Hawa, wadda ba ta daɗe da tashi daga ciwo ba, tana yaɓe ɗakin Bala don kada damina ta ci bango. Ya ce a ransa sai gobe. Bakari ya koma Abijan da alkawarin yin shiru, gobe kuma ta yi ta zama gobe.

Bai taɓa cewa Bala na raye ba. Da wannan yake lallashin kansa. Ko da Sallar bara da ya sayo mata shuɗin mayafi a Tamaske ya ajiye mata a kan gado, ta tambaya ko Bala ne ya aiko, bai ce i ba. Fita kawai ya yi. Tun ranar ba ta zuwa ko'ina sai da mayafin, kuma yanzu ma ga shi can a tagar gabas, tsakanin kawunan mata.

Ana kira, iyaye na tasowa. "Shina raye, ni na wakilinai." A dangwala, a jefa. Wasu da ƴaƴa uku, yatsa har ya bushe sai an sake tsoma shi. Kalla na zaune hannunsa a kan ƙirji, yana jin mabuɗin ta cikin riga.

"Bala Kalla."

Ajin ya juyo gare shi. Mushe ya turo masa tawada ba tare da ya ɗago kai ba.

"A bar wanga," in ji Kalla.

"A bar shi kamar yaya?"

"A bar wurin hwari. Bai zo ba."

"Su sauran sun zo ne? Baba, shi kaɗai ya rage. Faɗi ka dangwala mu ƙirga."

"Ba ni sawa."

Maigari ya matso ya rage murya, irin ragewar da kowa ke ji. "Kalla, kak ka ba mu kumya gaban baƙo. Gari duka ya yi, kai ɗai ka hi kowa tsoron Allah? In anka ce garinmu ne bai cika ba, wa za a kira Keita, ni ko kai?"

Kalla ya ture tawadar gefe. Mushe ya ja littafin gabansa, ya ce to shi ke nan, gardi ya zo ya dangwala, yatsa ai yatsa ne. Gardi ya jingine sandarsa ya taho.

"In yas sa yatsa nan," in ji Kalla, "ba ni ba da mabuɗi."

Mushe ya dubi kwaɗon, ya dubi tsohon. Gardi ya ce a ba shi dutse, bugu ɗaya ne. Mushe ya daka masa tsawa, don ya san akwatin da ya isa Keita da karyayyen kwaɗo ba a ƙirga shi, tambaya ake yi, kuma shi za a tambaya. Daga nesa, can wajen gangaren dutse, aka fara jin kukan mota.

Sai ga muryar Hawa daga taga, a sanyaye, da ɗan murmushi a ciki, irin na matar da ta saba da taurin kan mijinta shekara arba'in.

"Haba Malam, sa mishi mana. In ya dawo ya iske an yi da shi."

Wallahi da mari ta yi masa da ya fi sauƙi. Kalmomi biyar ne kawai, waɗanda sauran iyaye suka faɗa. In ya faɗe su, sai ta koma gida da farin cikinta, Mushe ya sami littafinsa, maigari ya huta. Ya buɗe baki, ya dubi liman da ke zaune da carbi, ya ga ba zai iya ba. Shiru ya yi shekara biyu, amma bai taɓa tsayawa gaban shaidu ya ta da wanda ke cikin ƙasa ba.

Ya sunkuya wajen Mushe. "Mu hita waje, in gaya maka magana. Ko a tura ƙohwa kaɗan."

Mushe, wanda ya riƙe abin safe a ransa, ya jingina da kujera ya ɗaga murya. "A'a, Baba. Mai mabuɗi ba ya barin akwati. Kuma kai ka ce komi za a yi a yi shi gaban jama'a. Suna ɗaya nake da ikon sokewa a littafin nan, sunan wanda ya mutu. In ba haka ba, a dangwala. Ɗanka ya mutu ne?"

Da izgili ya yi tambayar, don ya rufe bakin tsoho. Har wasu sun fara dariya. Dariyar ta tsaya da suka ga Kalla ya miƙe yana dafa tebur, bai dubi kowa ba sai kwaɗon nan nasa.

"Ya rasu. Shekara biyu ke nan, Abijan. Bakari ya binne shi."

Liman ya yi salati. Alƙalami ya kuɓuce daga hannun Mushe ya gangara ƙasa, bai ko bi shi ba. A taga wata maƙwabciyarsu, Zali, ta fasa kuka. Hawa kuwa ba ta yi kuka ba. Ta bar tagar, ta zagayo, ta shigo ta ƙofar nan da mijinta ya hana a rufe. Maza suka dare mata. Gardi ya yi kamar zai tare ta, ya fasa.

Ta tsaya gaban tebur. "Nuna mini inda sunan yake."

Mushe ya ɗora yatsa a kan layin. Ba ta iya karatu ba, amma ta daɗe tana kallon wurin. Ta ce ya soke tana gani. Ya ɗauko alƙalamin daga ƙasa ya ja layi, layin ya karkace.

Sannan ta juyo ga Kalla ta kama bakin mayafinta. "Wanga hwa?"

"Ni na saye shi Tamaske."

Ta zare shi daga kanta a hankali, ta ninke shi gida huɗu kamar yadda take yi kowane dare, ta ajiye kusa da akwatin. Tsohuwa, gaban maza, da ɗankwali kaɗai. Ba wanda ya iya ɗaga ido.

"Na san tausaina ka ji," in ji ta. "Amma shekara biyu, Malam, kowace salla ina roƙon Allah ya maido min shi. Ban taɓa roƙa mishi gahwara ba ko sau guda. Ko hurar sadaka ba ta hita gidan uwatai da sunanai ba. Shina can kwance shi ɗai, ƙasar mutane, kai ka hana shi."

Ta fita. Zali da sauran mata suka bar tagogi suka bi ta, sai a can bakin rijiya aka ji kukanta ya tashi.

Mota ta tsaya a ƙofar lakwal, direba ya yi oda. Mushe ya buɗe kwaɗonsa, ya ja baya, ya ce a hankali, "Baba, saura naka." Kalla ya ciro igiyar daga wuyansa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana ɗaura igiya a bakin rijiya ya kasa samun ramin mabuɗi, sai da liman ya taso ya riƙe masa kwaɗon.

Aka zazzage, aka ƙirga gaban ƴan mazan da suka rage. Ambulan ɗari uku da goma sha ɗaya, suna ɗari uku da goma sha ɗaya, littafi ya cika ɗari bisa ɗari. Maigari ya buɗe baki zai yi hamdala, ya dubi Kalla, ya haɗiye. Aka ɗora akwati a mota da kwaɗunansa biyu lafiya lau.

Kalla ya ɗauki mayafin ya sa a hammata. Ya roƙi liman ya raka shi, don akwai addu'ar da ta yi lattin shekara biyu, kuma bai san ko za a bar shi ya shiga gidansa shi kaɗai ba.