Zango Ɗaya Kafin Tiga

Daga wajen zaman makoki maganar ta taso, kafin a yi sadakar arba'in, ta cika Kura har ta tsallaka Bunkure. Wai Injiniya Jaji, mai kula da ƙofofin ruwan kanal, yana da kaset mai muryar aljanu. Wai muryar ce ta kira 'yarsa Raliya ta faɗa ruwa. Wai tun daga ranar yake kulle kansa gaban wani akwati, aljanun suna yawo da shi cikin taurari. Malama Kubra ba ta tashi daga tabarmarta ba sai da ta ji dattawan gidan sun yanke shawarar ƙona akwatin da kaset ɗin bayan sallar Juma'a.

Kubra ƙanwar mahaifin Jaji ce, ta tsufa tana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, kuma ta sha jin "wai" a rayuwarta. Da aka kawo ruwan madatsar Tiga ma cewa aka yi wanda ya ci alkamar rani ba zai haihu ba. Ga jikokin masu faɗar nan suna korar tsuntsu a gonakin alkamar. Amma abin da ya tsaya mata a rai daban ne. Ranar da ta je gaisuwa, an riga an rabar da kayan yarinyar sadaka, har takalmin makaranta, Jaji ya raka ta zaure ya ce, "Goggo, abu ɗaya ya rage mini nata. Yana cikin kaset."

Ta bi gefen kanal da hantsi. A inda mata ke wanki ta tsaya, ta zira sandarta ta goga jikin simintin. Gansakuka ce kore shar, sandar ta zame kamar an shafa mata mai.

A tsakar gida ta tarar da Indo, matar Jaji, tana tsaga tumatir tana shanyawa, yayarta Kulu na taya ta.

"Goggo, ke ce da rana haka?" in ji Kulu. "Ba dai ɗakin nan za ki shiga ba?"

"Shi na zo shiga. Ke kin ga aljanun?"

"Gani? Ji na yi da kunnena! Ranar uku muna neman kaset ɗin karatu, na ɗauko wani mara rubutu na sa a rikoda. Goggo, wani ƙiiii, wani tsuwwa, har cikin haƙori! Mata suka watse, wata ko mayafi ba ta ɗauka ba."

"Ke da kika yi gudun injin niƙa ranar da aka kawo shi unguwa, ai ba a kafa shaida da kunnenki."

Indo ba ta ɗago kai ba. Raliya 'yar fari ce. Uwar ba ta taɓa kiran sunanta ba tana raye, ba ta kuma yi kukanta a gaban mutane ba da ta rasu.

Jaji ya rame har rigar aikinsa ta yi masa yawa. Da Kubra ta ce ya nuna mata akwatin, bai yi musu ba. Ya tayar da ɗan janareto, ya kunna talabijin da akwatin, wani abu mai maɓallai kamar tafireta. Wani Bature abokin aikinsa ne ya bar masa da kwangilarsu ta ƙare. Ya sa kaset a rikoda, ƙarar nan ta tashi.

"Ga aljanun, Goggo. Kwamfuta ce, da wannan ƙarar take karanta abin da ke cikin kaset."

Can sai allon ya yi baƙi, fararen ɗigogi suka bazu a kai. Wasa ne, in ji shi, na fatauci. Kana da kumbo, ka yi lodi a wannan tauraron ka kai wancan. Man ba ya kai ka nesa, sai zango-zango, ga 'yan fashi a hanya.

"Raliya ce direba, ni kwandasta," ya ce, bakinsa ya ɗan motsa kamar zai yi murmushi. "Sunayen taurarin sun ƙi bakinta, sai ta raɗa musu nata. Wannan Kura, nan muke tashi. Wancan Garun Malam. Ga Kumbotso, ta ce ɓarayin can ba su da kunya."

Ya kai yatsa can ƙuryar allon. Wannan ta sa wa suna Tiga, domin ya yi mata alkawari ranar da ta kai kumbon can zai goya ta a babur ta ga madatsar da ruwan kanal ke fitowa. Tun damina suke tafiyar. Duk inda suka tsaya, kwamfutar takan rubuta wurin a wani kaset na dabam, washegari su ɗora daga nan.

"Ranar ƙarshe saura zango ɗaya. Na ce mata magariba ta yi, a bari sai gobe. Goben ta tafi wankin kayan makaranta."

"To, me kake yi a nan kullum?"

"Farawa nake daga Kura. Ba na wuce Garun Malam, 'yan fashin harbe ni suke yi. Nata kaset ɗin kuwa na kasa taɓawa."

Kubra ta gyara zama. "Ɗauko shi. Yau ka kai ta Tiga. Dattawan kuma ka bar ni da su, rabinsu na san su tun suna yawo ba wando."

Ya ɗauko shi daga kan kanta, mara rubutu, ya hure ƙurar, ya sa. Suka kasa kunne suna jiran ƙarar.

Sai muryar wani malami ta cika ɗakin, yana karatun Alƙur'ani a natse. Kwamfutar ta tsaya tana jira, ba abin da ya fito a allon. Jaji ya kai hannu zai danna, ya fasa. Sai da aya ta kai ƙarshe sannan ya tura zaren gaba. Karatu ne. Ya juya bayan kaset ɗin. Karatu ne.

"Ni ce, Malam."

Indo ce a bakin ƙofa, 'ya'yan tumatir manne a yatsunta.

"Sun ce muddin muryar nan na gidan, yarinyar ba za ta kwanta lafiya a makwancinta ba. Ka fita buɗe ruwa, na kama tashar rediyon da ake karatu na ɗora a kai. Ciki da baya. Don ta huta na yi."

Jaji ya miƙa hannu. Ya rage ƙarar rikodar kaɗan, bai kashe ba.

Indo ta matso, tana kallon fararen ɗigogin. Ta ji duk bayanin daga tsakar gida. "Saura nawa ta isa?"

"Zango ɗaya."

"Ba za a iya komawa wurin ba?"

"Ita kaɗai ta san hanyar."

Indo ta durƙusa gaban talabijin ɗin. "Raliya," ta ce a hankali. Kubra ba ta taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar.

Da Juma'a ta zo, Kubra ta riga dattawan isa zauren. Suka shigo da kwalbar kananzir, ta bari suka zauna, sannan ta faɗa musu. Babu aljani a kaset ɗin. Raliya santsin gansakuka ne ya ja ta tana wanki. Abin da ke cikin kaset ɗin wurin da ta tsayar da kumbonta ne a wasan kwamfuta, kuma an goge shi.