Shaidar Perrine a Shekarar Babban Sanyi

A watan Janairun 1709 sanyi ya sauko mana irin wanda ko tsofaffinmu ba su taɓa gani ba. Kogi ya daskare har ana bi ta kansa da keken shanu, alkamar da muka shuka kuwa duk ta mutu a ƙasa. Ni Guillemette, ni ce ungozomar ƙauyenmu. A shekarar nan haihuwa tara na karɓa, mutum sittin da ɗaya muka binne.

Ɗaya daga cikin taran jikana ne. 'Yata Etiennette ta yi ciki da Fiacre, ɗan mai gidan niƙa. Tun kafin sanyin ya yi mata alkawarin aure a ɗakin girkina, yana riƙe da hannunta, a gaban Perrine, maƙwabciyata kuma aminiyata ta shekara talatin. To da hatsi ya yi wuya, arziki ya shigo gidan niƙa, sai ubansa ya nema masa 'yar wani attajiri daga Saumur.

An haifi yaron a watan Mayu, muka kai shi coci a yi masa baftisma. Fada Urbain, limamin cocinmu, ya buɗe littafin da yake rubuta haihuwa da mutuwa, ya tambayi sunan uba. Na faɗa masa. Ya sa aka kirawo Fiacre, shi kuwa ya rantse gaisuwa kawai ke haɗa shi da 'yata. Ban damu ba, tunda ina da shaida. Na juya na dubi Perrine.

"Ni dai, Fada, garwashi na shiga ɗiba ranar," in ji ta, kanta a sunkuye. "Ban ji komai ba."

Sai Fada ya rubuta cewa ba a san uban yaro ba.

Da la'asar na je gidanta. Tun daga ƙofa na ji ƙamshin burodin alkama, alhali mu na dusa muke ci. Ga buhu biyu a jingine, da tambarin gidan niƙa.

"'Ya'yana huɗu, 'yar'uwa," ta ce. "Da ke ce, ya za ki yi?"

Na tuna mata cewa duk huɗun a hannuna suka faɗo. Sai ta yanko rabin burodi ta miƙo mini. Na karɓa, don Etiennette na shayarwa. Har yau karɓar nan tana ci mini rai.

Yaron ya rasu a watan Agusta, bayan nonon uwarsa ya ƙafe. A Satumba aka ɗaura auren Fiacre, Etiennette kuma ta tafi aikatau Angers, gidan wani masaƙi. Ni da Perrine mun ƙara shekara goma sha huɗu katanga ɗaya ce tsakaninmu. Mukan gaisa a bakin rijiya, amma ban sake taka ƙofarta ba sai ranar da aka kira ni wankan gawarta.