Zaren da Tela Ya Zira da Kansa

Tun da Tela ya fara shan maganin asibitin ƙwaƙwalwa hannunsa ke rawa. Ɗinki bai gagare shi ba, zira zare a allurar keke ne ya gagara. Sai matarsa, wadda har yau ake kira Amarya, ta ajiye kujera kusa da shi a shago. In zai canja zare sai ya ce, "Amarya, aron ido." Ta lashi bakin zaren ta zira masa. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma babu maganar da take son ji kamar wannan.

Sai yayarsa ta dawo unguwar da zama. Yaya ta ce zaman shago ne ke ƙara masa ciwo, ta riƙa janye shi kowace safiya su zaga filin ƙwallo a ƙafa. Yakan dawo sharkaf da gumi yana dariya. Dariyar nan ce ta tsaya wa Amarya a wuya. Ita ce ta yi jinyarsa a asibiti. Ita ce ta bi gida-gida tana ba mutane haƙuri ranar da ya yayyanka musu yadi da almakashi. Amma rabonta da ya yi mata irin wannan dariya har ta manta.

Ran nan da hantsi ta ga ya cire jan zare ya ɗauko fari. Ta gyara zama tana jiran kira. Bai kira ba. Ya zira abinsa tashi ɗaya, ya taka keke.

"Maigida, miƙo hannunka."

Ya miƙo. Ko motsi ba ya yi.

"Tun yaushe kake tofar da ƙwayar?"

Yaya na kan benci tana ɓare lemo. "Ni na ce ya huta. Kin mai da min ƙane buhu, ga ƙiba, ga barci kamar kasa. Dube shi yanzu, mutum ya dawo mutum. Iska da tafiya da hira, su ne magani."

"Lokacin da yake amsa wa rediyo a kashe, kina ina, Yaya? Iskar ce ta sa ya daina?"

"Ko dai kin fi son sa da rawar hannu, don kada kujerarki ta rasa aiki?"

Amarya ta dubi kujerar da take kai.

"Ku daina ja na kamar yadi, zan yage," in ji Tela. "Amarya, ƙwayar ta kashe muryoyin nan da nake ji, ban musa ba. Amma ta kashe rabina tare da su. Yau ɗin nan na ji iska a jikina kamar dā."

"Barci fa?" in ji Amarya.

Ya sunkuyar da kai yana wasa da almakashi. "Kwana biyu dai ba ya zuwa sosai."

"Wancan karon ma da rashin barci ya fara," ta ce a hankali.

Yaya ta ajiye lemon. "Ba ka gaya min wannan ba, ƙanena."

"Ba ki tambaya ba."

Wani daɗi mara kyau ya ratsa Amarya, don ga abin da ta sani Yaya ba ta sani ba. Daɗin bai daɗe ba. Idonta ya koma kan almakashin da ke hannunsa.

Washegari da safe Yaya ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta tarar da Amarya sanye da tsohon kambas ɗin Tela, ya yi mata yawa, katin asibiti a hannu.

"Da ni za a je. Daga fili mu wuce wurin likita. Maigida, ka gaya masa ka daina sha, ka gaya masa rawar hannun da barcin. Ko ya rage ko ya canja. Ke ma ki faɗa masa zancen tafiyar, tun da ta karɓe shi."

"Ƙafar taki za ta iya, 'yar zaman kujera?"

Tela ya fashe da dariya. Amarya ta rasa ko dariyar tata ce ko ta Yaya. Ta ja ƙofa ta rufe, ta kutsa tsakaninsu, takalmin na faɗuwa tana ja.